Rasuwar Laitar Kafinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, irin baƙin cikin da ba ya hana mutum barci ko cin abinci, ni kafinta mai shago a layin bayan kasuwa nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da abokan tsiya, cewa laitata ta ce ga garinku nan. Rai ya yi halinsa a tafin hannuna na dama, da rana tsaka, a bayan shago, tsakanin tarin katako da kwatar da ke bi ta wurin. Ta rasu bayan doguwar jinya wadda ni kaina ban san tana yi ba. Ta yi tsawon rai fiye da yadda ya kamace ta, kuma fiye da wasu daga cikin mutanen da ta yi wa hidima.

An ce a ambaci mamaci da alheri. Na ajiye aiki na zauna da wannan magana, na ciro fensir daga bayan kunne na yi ta tauna gindinsa ina laluben alherin da zan ambata. Abin da na samu zan faɗa. Wanda ban samu ba kuwa ba zan ƙirƙira mata ba, don ƙaryar da aka yi saboda ita tana raye ma ta isa.

Babu wanda ya san garin da aka haifi marigayiyar. A gindinta akwai wani rubutu da aka tona a jikin ƙarfen, na nuna wa masu karatu da dama, kowa ya murtuke fuska ya miƙo mini abata. Ta shigo hannuna ne ta wurin Dogo mai fenti, abokina tun muna samari muna koyon sana'a a shago ɗaya, ni ina haɗawa shi yana shafawa. Shi ya fara sa mini karan taba a baki, shi ya bubbuga mini baya da na ƙware, shi kuma ya ce in daure, na gaba zai fi daɗi. Ranar da na buɗe shagon kaina, mutanen kirki sun kawo abin da mutanen kirki ke kawowa: wani guduma, wani zarto, kawuna ya kawo addu'a. Dogo ya zo hannu a aljihu, ya ciro ta ya ɗora a kan bencin aiki.

"Mutumina," in ji shi, "yau ka zama maigidan kanka. Maigida kuwa ba ya bin layi yana roƙon ashana."

Na tashi na rungume shi. Gudumar tana nan har yau ina cin abinci da ita, amma ban ma tuna wanda ya kawo ta ba.

Marigayiyar ba mai yawan magana ba ce. Kalmomi uku ta sani, kuma da su ta yi rayuwarta. In aka ɗaga murfinta ta ce ƙwas. In aka murza 'yar tayarta da babban yatsa ta ce ƙyas, sai harshen wuta ya miƙe a kan lagwaninta. In aka rufe ta ta ce ƙwap, kamar wadda ta gama wani aikin lada. Da kalmomin nan uku ta juya ni yadda take so, abin da uwar yara ta kasa yi da duk Hausar bakinta. Ni kuwa na kula da ita kulawar da ban yi wa haƙorana ba. Na goge ta da gefen riga, na ɗura mata mai kafin ta nema, na gyara mata lagwani da ɗan almakashi. Nakan manta makullin shago a gida in dawo daga rabin hanya, amma ita ban taɓa fita na bar ta ba.

Cikin halayenta na yabo, in dai yabo za a kira shi, akwai cika alkawari. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ana iska ta kama, ana ruwa ta kama, ina mura ina tari ta kama. Ranar da mai sayar da magani ya ce mini in rage, a ƙofar shagonsa ta kama, tun kwalbar maganin tarin tana hannuna. Akwai kuma rashin girman kai, don ba ta duba fuska. Ta ba direba wuta, ta ba dillali, ta ba wanda ban san sunansa ba kuma ban sake ganinsa ba. Mutumin da ba zai samu aron ƙusa ɗaya a wurina ba, da ya ce a taimaka masa da wuta, jikina na rawa nake miƙa masa ita, har ina kare masa iska da tafin hannu. A wancan lokacin zumunci nake kiran wannan.

Ayyukan da ta bari a bayan ƙasa suna nan, mai shakka yana iya zuwa ya gani. Babu rigata ta wancan zamani da ba ta da 'yar ƙofa a ƙirji. Akwai teburin wani malamin makaranta da na gama gogewa, na ajiye kara a gefensa don in amsa sallama, na dawo na tarar da baƙin tabo kamar an ɗiga kwalta. Akwai ranar da guntu ya faɗa cikin garin katako, maƙwabta suka fito da bokitai suna salati. Akwai tarin da nake yi da sassafe, wanda matar maƙwabcinmu ta ce da shi take sanin lokacin tada yara makaranta ya yi. A gida kuwa ita ta koya mini shan iska. Da an gama cin abinci sai in miƙe, in shafa aljihu, in ce zan fita in ɗan sha iska.

"A dawo lafiya, Malam," in ji uwar yara. "Sai dai iskar nan taka ita kaɗai ce na sani mai barin toka a riga."

Marigayiyar ta yi ritaya ne ba da son ranta ba, kuma ba da son raina ba. A lokacin 'yarmu ta fari tana goye. Ƙirjinta ya riƙa kamawa, numfashinta yana fita da wani ɗan fito, sai ta yi shiru ta zuba mana ido don ba ta da iskar yin kuka. Muka kai ta asibiti. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta gama sauraren ƙirjin yarinyar ta miƙo mini ita in riƙe. Tana matsowa kusa da ni sai ta ja hanci, ta karɓe yarinyar daga hannuna ta mayar wa uwarta. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi.

"Baban yarinya," in ji ta, "magani zan rubuta. Amma rabin ciwon nan a jikin rigarka yake."

A wurin na yi alkawari, a gaban likita da uwar yara da yarinyar da ba ta san ana yi ba. Alkawarin nan shi ne abu mafi daraja da na mallaka, ya fi injin yankan katakon da ke shagona, kuma shi marigayiyar ta yi ta faƙo har ƙarshen rayuwarta.

Masu cewa barin taba aikin rana ɗaya ne, ko dai ba su taɓa sha ba, ko ba su taɓa bari ba. A makonnin farko na zama abin tsoro. Na yi faɗa da mai kawo katako, na yi faɗa da masu kawo aiki, na yi faɗa da ƙofar da na haɗa da hannuna don ta ƙi rufuwa. Na tauna fensirori har na rasa na yin alama. Abinci ya dawo da ɗanɗanonsa, ni kuma na bi shi a guje har wandunana suka yi mini kaɗan. Na yi mafarki ina sha, na farka ina ba uwar yara haƙuri, ta ce sai na yi laifin tukuna in zo da haƙurin. Dogo ya rantse zai bari tare da ni. Da hantsi ya rantse, muka tafa. Kafin la'asar na same shi a bayan shago yana busawa, ya ce wannan na ban kwana ne. Shekaru ya kwashe yana wannan ban kwana.

Ni dai na zubar da kwalin taba, na mayar da farantin toka wurin ajiye ƙananan ƙusoshi, na canza hanyar zuwa shago don kada in bi ta gaban mai tireda. Amma laita tana aljihu. Uwar yara ta ci karo da ita ranar wanki.

"Malam, wanda ya sayar da doki, me zai yi da linzami?"

Na ce ai tana da amfani: a kunna risho, a ƙona bakin igiya don kada ta warware. Ta dubi kwalin ashana da ke kan tagar kicin, ta dube ni, ta miƙo mini abata ta ci gaba da wankinta. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuma ban taɓa kunna risho da ita ba. Akwai ranar da ta ɓace, bayan na daɗe da bari. Na hargitsa ɗaki, na ɗaga katifa, na zazzage akwatin kayan aiki, na tsare yara da tambaya kamar 'yan sanda sun zo bincike. A ƙarƙashin kujera aka same ta. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma ni na san wawan, aski ɗaya ake yi mana.

Bayan ritaya ta ɗan samu aikin wucin gadi. Akwai benci a bayan shago inda mashayan layin ke taruwa, kuma sun san tana wurina. Sai su zo. In ciro ta, in kunna wa mutum, sannan in tsaya a kansa in yi masa wa'azi a kan huhu da haƙora da warin baki, ina yi ina shaƙar abin da yake fesowa. Babu mai raina mashayi kamar tsohon mashayi, kuma babu mai tsayawa kusa da shi kamarsa. A hankali suka gane cewa ashana ta fi sauƙi, don ita ba ta wa'azi. Suka janye ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka tashi daga layin, wasu suka bari, wasu mun raka su makwancinsu muna cewa kwana ne ya ƙare. Sabbin maƙwabta suka zo waɗanda ba su taɓa ganin hayaƙi a bakina ba. Yarinyar da aka karɓe daga hannuna ta girma, yanzu ita ke ɗauko wa uwarta abu a saman kabad. Ita kuwa marigayiyar tana nan a aljihun dama, tana bina daga wando zuwa wando, babu mai buɗe ta.

A nan jinyar ta fara, kamar yadda muka gane daga baya. Man cikinta ya riƙa tsanewa a hankali, lagwaninta ya bushe, ɗan dutsen da ke ba ta tartsatsi ya cinye. Ba ta yi ƙorafi ba. Ni ma ban duba ta ba, don a raina tana nan yadda na san ta, a shirye, duk ranar da na neme ta. Wannan shi ne ainihin aikinta a shekarun nan, ta zauna a aljihu tana tuna mini cewa ƙofar ba a kulle take ba, turawa kawai aka yi.

Ajalinta ya zo ne ta hanyar wanda ya kawo ta. An kwantar da Dogo a asibiti, ɓangaren masu ciwon ƙirji. Na rufe shago da hantsi na tafi dubiya. Na wuce gadonsa ban gane shi ba, sai da matarsa ta kira ni. Mutumin da sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar shagona, ga shi nan a naɗe a gefe ɗaya na gado, da robar iska a hanci, kafaɗunsa suna hawa suna sauka kamar mai ɗaga kaya. Ya ce fenti ne. Wai ƙaurin fenti ne na shekara da shekaru ya taru masa a ƙirji, kuma dama ya daɗe yana faɗa cewa fentin yanzu ba shi da kyau. Na ce haka ne. Wa zai yi musu da mutumin da sai ya huta kafin ya ƙarasa kalma?

Matarsa ta fita kiran nas. Tana ba da baya ya zura hannu ƙarƙashin katifa, ya ciro kwalin taba duk ya lanƙwashe, ya cusa mini a aljihun hagu.

"Riƙe mini, mutumina. Jiya saura kaɗan matar nan ta gani." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Kai ne ba ka sha, a wurinka ko ciwon kai ba za su yi ba. In an sallame ni zan karɓa. Na san adadinsu fa."

A baranda matarsa ta tsayar da ni.

"Yaya, likita ya ce a yi ta addu'a."

Ta ja mayafinta ta rufe baki. Na faɗi abin da ake faɗa, cewa ciwo ba mutuwa ba ne, cewa Allah ke da lafiya. Ta yi ta gyaɗa kai don ta taimake ni in gama.

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa. Wanda ya yi wannan karin magana bai san mashayi ba. Na fito daga inda na ga abin da taba ke yi wa mutum da idona, kuma babu abin da nake so a duniya kamar taba. A cikin mota kwali yana aljihun hagu, laita tana aljihun dama, ni ina tsakiya kamar dillalin da ya haɗa su. Ban buɗe shago ba. Na zagaya baya, na zauna a tsohon bencin, na zaro kara ɗaya. Hujjoji suka zo da kansu kamar dama a bakin ƙofa suke kwana: ai ɗaya ne, ai ba saya na yi ba, ai yarinya ta warke tuntuni, ai rana irin ta yau ba a sa ta a lissafi, kuma uwar yara tana can gida, hancinta bai kai nan ba. Na sa shi a baki. Leɓena ya gane shi nan take.

Na ciro marigayiyar. Ta ce ƙwas, da muryarta ta da. Na murza. Ta ce ƙyas, babu wuta. Na sake, ta ce ƙyas, a shaƙe. Na girgiza ta, na hura mata iska, na ɗumama ta a tafin hannu, na juya wa iska baya na duƙufa a kanta yadda ban duƙufa a kan abokina ba a asibiti. Na zage ta, na lallashe ta. A murzawa ta ƙarshe tayar ta juya a banza, ta ce ƙirr, ko tartsatsi babu. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe, kuma ita kaɗai ce maganar kirki da ta taɓa fita daga bakinta.

Amma kada wani ya yi saurin sa mata albarka. Mutumin da ya riga ya sa kara a baki, mutuwar laita ba ta tsayar da shi. Na cire karan na dunƙule shi a tafin hannu, yadda muke yi a da in mun hango babba, na miƙe na nufi rumfar mai faci da ke jikin shagona. Shi mashayi ne, yana cikin maƙwabtan da suka zo daga baya. Na tarar da shi a tsugune yana juya tiyub a cikin bahon ruwa, yana neman inda ke yoyo. Ga kwalin ashana a kan bencinsa, ga guntun taba a bayan kunnensa. Na yi sallama, na rage murya, na yi tambayar da kowane mashayi zai gane ko daga barci ya tashi.

"Maƙwabci, akwai wuta?"

Ko kai bai ɗaga ba.

"Ina fa, Malam kafinta! Tun safe suka ɗauke. Ba ka ga da famfon hannu nake ba taya iska ba? Hala injin za ka tayar?"

Na dube shi. Ba ba'a yake yi mini ba, kuma ba kunyata ni yake son yi ba. Tun da ya zo layin nan, duk ranar da na leƙo na tambaye shi wuta, ta lantarki nake nufi, don ƙwan fitilar rumfarsa ake fara gani in an kawo. A tunaninsa babu wata hanya da za ta haɗa ni da ɗaya wutar. Ga ashana a gabana, miƙa hannu kawai. Amma kafin in same ta sai na buɗe tafin hannuna na nuna masa abin da ke ciki, na gaya masa da bakina cewa mutumin da ya sani ba shi ba ne. Duk shekarun nan na ɗauka ni mashayi ne da ke daurewa. Ashe a idon layin nan ni kafinta ne mai jiran lantarki, iyakarta ke nan, kuma sai na rushe wannan da hannuna kafin in sha kara ɗaya.

"Allah ya sa su kawo," na ce.

"Amin, Malam. Da sun kawo zan ƙwala maka kira."

Na koma benci. Kunya ta fara zuwa, sannan haushi, sannan abin da nake gudu tun daga barandar asibiti ya cim mini. Na yi wa Dogo kuka, kuka mai muni irin na babban mutum, da matacciyar laita a hannu ɗaya da murƙusasshen kara a ɗaya hannun. Abokina yana tafiya, kuma babu hayaƙin da zai ɓoye mini wannan. Da na gama na share fuska da gefen riga, sai na tarar sha'awar ta tafi inda take tafiya in ta gaji.

Da yamma na ajiye gawar da kwalin a kan tebur a gaban uwar yara. Ta dube su, ta matso ta karɓi jakar hannuna kamar yadda ta saba, ta ɗan daɗe a kusa da ni fiye da kullum. Na san aikin da hancinta yake yi.

"Ka sha?"

"Ban sha ba."

"Wa ya hana ka?"

"Mai faci."

Ta ɗauki laitar da yatsu biyu, ta murza, ta ji ƙirr.

"Allah sarki," in ji ta, babu ko ɗigon tausayi a muryarta. "To tashi ka wanke hannu, abinci na hucewa."

Marigayiyar ta rasu ta bar ni, maigidanta, da kantar da ta fito a babban yatsana na dama, wadda aikin katako ya riga ya gada. Ta bar farantin toka, wanda ya tuba tuntuni yana riƙe ƙusoshi, kuma ya roƙa a cire sunansa daga cikin dangi. Ta bar 'yan'uwa birjik a kowace tireda, 'yan roba masu launi-launi marasa asali, ana jera su kusa da alewar yara. Ta bar kwalin Dogo, maraya, da giɓin kara ɗaya. Sai babbar 'yarta, sha'awar sha, wadda tana nan da ranta da lafiyarta, kuma ita ba ta tsufa. Takan yi wata da watanni ba a ji ɗuriyarta ba, sai ka gama cin abinci mai daɗi, ko ka buga ƙusar ƙarshe a aikin da ya yi kyau, ko a yi maka mugun labari, ka ji sallamarta a ƙofa. Ba zan ce wa kowa ta daina zuwa ba. Abin da na sani shi ne ba ta iya dogon tsayuwa, in ba a ba ta wurin zama ba takan gaji ta tafi. Uwarta ce ke ajiye mata kujera a aljihuna, yanzu kuwa an ɗauke kujerar.

Game da jana'iza, iyalai sun zauna sun tsayar da shawara. Wani mai gyaran agogo ya aiko cewa ba mutuwa ta yi ba, suma ce, wai ɗigon mai da sabon dutse za su tashe ta. Muna godiya, kuma muna roƙonsa ya tsaya a kan agogo. Ba za a haɗa mata makara ba, don ni kafinta ne, na san darajar katako. Za a naɗe ta a tsohuwar jarida, a haɗa ta da kwalin bayan an jiƙa shi da ruwa, a miƙa su ga motar kwasar shara ranar da ta biyo layin. 'Yata ce ta nemi a bar mata jefawar, kuma an bar mata. Idan Allah ya tashi kafaɗun Dogo ya zo ya tsare ni a ƙofar shago yana neman kayansa, babu rigimar da zan fi so a duniya.

Ba a buƙatar gudummawa. Duk wanda tausayi ya kama har ya sayo mini wata don ta maye gurbinta, ya sani da ita zai koma, da kuma magana a kai. Ba za a yi zaman makoki a shago ba, akwai aikin mutane a gabana. A gida kuwa uwar yara ta ce ba ta shimfiɗa tabarma saboda ƙarfe.

Mai son yin ta'aziyya da gaske ya tafi asibiti, ɓangaren masu ciwon ƙirji, gadon da ke jikin taga. Can ne makokin yake, kuma mai shi yana nan da sauran numfashi, yana son baƙi, musamman tsofaffin 'yan benci. Ku je masa da 'ya'yan itace, ku zauna, ku yarda da shi cewa fenti ne. In matarsa ta fita, zai jawo hannunku, ya rage murya, ya tambaye ku ko akwai wuta.

Ku ce masa an ɗauke.